Awon Ƙarfin Magidanci Kafin Ya Ta da Sabon Gida

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu, saboda ta hannunsu maganar gini take fara biyowa, kuma gare su take komawa in ta lalace. Mutum ya sayi fili, sai ya kawo takardar ciniki a sa masa hannu. Bayan shekara 2 ko 3 sai ga shi ya komo zauren nan, mai bulo na biye da shi yana neman kuɗinsa, ko kuwa 'yan'uwansa sun kawo ƙara ya jinginar da gonar gado. Tsakanin zuwan farko da na biyu akwai wani lissafi wanda ba a yi ba, bayaninsa ke cikin takardar nan.

Ya kamata a sani tun da fari, hakimi ba shi da ikon hana kowa gini. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ayyukan En'e suka koma hannun ƙaramar hukuma, dokar filaye ta 1978 kuwa ta danƙa amanar ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Abin da ya rage wa hakimi a wannan sha'ani shi ne shaida da shawara da sulhu. Wannan kuwa ba kaɗan ba ne, gama talaka yakan faɗa wa hakimi da dagaci da mai unguwa abin da ba zai faɗa wa ma'aikacin ofis ba, kuma maganar da aka yi masa a zaure cikin mutunci ta fi zauna masa a rai.

KANGO

Duk wanda ya zaga bayan garin Kano ko Zariya ko Katsina ko Gusau, ko ma bakin kowace alƙarya mai kasuwa, zai ga gine-gine da suka kai linta suka tsaya. Ciyawa ta fito a tsakar ɗakunan, bulo ya yi baƙi, awaki na kwana ciki. Galibin masu su mutane ne masu himma, kuma abu guda ya same su duka. Sun tambayi kansu ko suna iya farawa, suka ga suna iyawa, suka fara, alhali tambayar da ta wajaba ita ce ko suna iya rufewa. Kuɗin da aka zuba a kango ya kwanta ke nan. Ba ya haihuwa kamar akuya, ba ya tsiro kamar iri, in kuma aka tashi sayarwa da wuya a mayar da uwar kuɗi, domin mai saye ya san matsuwa ce ta kawo kangon kasuwa. Mai shi kuwa yana nan inda yake, yana biyan haya ko yana cunkushe da iyalinsa a tsohon gida.

Saboda haka ma'aunin farko shi ne rufi. Lokacin gini a ƙasar Hausa gajere ne. Yana somawa bayan an gama kaka, wajen Nuwamba, sa'ad da akwai sauran ruwa a kududdufi, yana ƙarewa da hadarin farko na Mayu ko Yuni, wanda kan zo da iska mai yaye kwanon da ba a ɗaure sosai ba. Ginin ƙasa in damina ta same shi a buɗe, ruwan Agusta zai zaizaye shi daga sama, aikin wata 3 ya koma tsibin laka. Na bulo ya fi jurewa, amma shi ma kowace damina tana rage masa ƙarfi. Wanda ba shi da abin da zai kai shi ga rufi cikin rani guda, ko dai ya rage girman ginin, ko ya dakata.

LISSAFIN RARA

Gida ana gina shi da rara, watau abin da ya saura bayan iyali sun ci sun sha sun yi sutura, an kuma ware abin noman baɗi. A nan yawancin mutane ke ruɗuwa, don da kaka suke yin shawarar gini, lokacin da rumbu ke cike kuma kowa ke ganin kansa mai hali.

Ga misali, kuma an yi shi da buhu don kada sauyin kuɗi ya ɓata shi. A ce manomi ne mai mutum 9 a gida, a shekara mai albarka yana samun buhu 40 na gero da dawa da masara da wake. Zakka ta ɗauki 4, tun da noman ruwan sama ushiri ne a kansa. Cin gida har wata kaka ya ɗauki 18. Iri da taki da ƙwadago su ci kuɗin buhu 8. Sutura da magani da makaranta da biki da gaisuwar mutuwa su ci na buhu 6. Jimla 36, rara 4. To, ga shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ya sami 30 kurum. Zakka ta koma 3, amma ciki bai ragu ba, sauran buƙatu ma haka, jimla 35, watau giɓin buhu 5. In aka haɗa shekara 2 masu kyau da 1 maras kyau, rararsa duka buhu 3 ce cikin shekara 3. Mutumin nan da ya tsaya gaban buhu 40 yana auna inda zaure zai zauna, ainihin ƙarfin gonarsa wajen gini buhu 1 ne a shekara.

Wannan ya sa ba a lissafi da shekara guda, kuma ba a yarda a tsallake mummunar shekara. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, amma ba sai an kai can ba. Jinkirin ruwa na mako 3, ko tsutsa, ko tsuntsu, ko rashin tsaro da ya hana zuwa gonar nesa, kowanne ya isa ya cinye rarar shekara.

In manomin nan ya ƙi lissafi ya taɓa buhunan ci, ga yadda abin kan tafi. Zai sayar da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Rumbu zai ƙare wajen Yuli, lokacin da ya fi tsada, sai ya saya da tsada abin da ya sayar da araha. In babu kuɗin saye, sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, a daidai kwanakin da tasa ke neman noman biyu. Amfanin shekarar ya ragu, baɗi ta fi bana wuya. Ɗaki 2 na bulo ta wannan hanya kan jawo wa gida yunwar damina 3 a jere, kuma yara da masu shayarwa su ne ke fara nuna alama.

Ba cewa ake yi manomi ba zai yi gini ba. Yawancin gidajen karkara da sana'ar rani aka gina su: noman lambu a fadama, da kiwon turke, da cin rani a birni, da fataucin hatsi ko dabbobi. Sai a tambayi mutum abin da ya shigo masa ta nan a rani 3 da suka wuce, a haɗa da rarar gona. Akwai kuma abin da ya halatta a sayar domin gini, kamar ragunan da aka turke don kasuwa, ko fili na biyu da ba a amfani da shi. Amma gonar da ake ci daga gare ta, da shanun huɗa, da injin ban ruwa, da babur ɗin haya, da keken ɗinki, da jarin shago, waɗannan ba rara ba ne, su ne uwar rara. Wanda ya sayar da su ya yi rufi zai kwana a sabon ɗaki ba shi da abin da zai kai cefane.

Haka nan ba a sa kuɗin alkawari cikin lissafi. Ɗa yana Legas ko Abuja ya ce zai aiko, wani mai neman kujera ya ce zai ba da kwano, ana sa ran kuɗin sallama daga wurin aiki: duk wannan hangen Dala ne, ba shiga birni ba. In sun zo, madalla, a yi filasta da su. Abin da kuma ake cirewa tun kafin ya zo shi ne hidimar da kowa ya san tana tafe. Mai 'ya budurwa ya san kayan ɗaki na jiransa, mai mata da ciki ya san akwai suna, mai tsohuwa a ɗaki ya san akwai asibiti.

MA'AIKACI DA ƊAN KASUWA

Lissafin ma'aikaci ya fi sauƙi, tun da samunsa a rubuce yake, amma yana da nasa tarko, watau tashin farashi. Mafi ƙarancin albashi a 2019 naira 30,000 ne, buhun siminti kuwa bai kai 3,000 ba, ashe albashin wata yana sayen fiye da buhu 10. A 2024 aka mai da albashin naira 70,000, amma buhun ya haura 7,000, albashin bai ƙara kai buhu 10 ba. Janye tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara kuɗin dako, saboda haka garin da ke nesa da masana'antar Sakkwato ko Ashaka ko Obajana ya fi jin jiki. Ma'aikacin da ya ajiye kuɗin gini a takarda yana jiran su cika, kullum gini na gudu yana binsa. Gara ya riƙa mai da su kayan da ba su lalacewa, kamar kwano da rodi da ƙofofi da bulo. Siminti kam ba a ajiye shi, in ya sha raɓa ya daskare ya zama dutse.

Akwai asusun gidaje na ƙasa wanda aka kafa a 1992, inda dokar ta sa a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, bankin ba da rancen gidaje na tarayya yana kula da shi. Ƙa'idar masu ba da irin wannan rance ita ce kada biyan wata ya wuce sulusin albashi. Ma'aunin nan yana da kyau ko ga wanda ba zai je banki ba, sai dai ga mai iyali da yawa sulusin ma ya yi nauyi. Rancen asusun yana da ruwa, kuma sai da takardar mallakar fili ta gwamnati. Wanda ke gudun ruwa, akwai bankunan da ba su aiki da shi, na farkonsu Jaiz ya soma aiki a 2012, amma su ma za su auna samun mutum kafin su sayar masa da kaya bashi.

Ɗan kasuwa shi ne ya fi kowa wuyar aunawa, gama kuɗi na wucewa ta hannunsa kullum, har ya kasa rarrabe jari da riba, da kuma kayan mutane da ya karɓo bashi. Tambaya guda ta ishe shi: in aka biya duk wanda ke binsa yau, aka bar shagon da kaya kamar yadda yake bara war haka, me ya saura?

ABIN DA GININ ZAI CI

Mai gini kan ƙirga bulo da kwano ya ce ya gama lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe yana cin bulo 400 zuwa 500 in aka haɗa da tushe, bandir ɗin kwano kuwa falle 20 ne, wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa ya kusa kai wanda ake tunawa: yashi da tsakuwa da dakonsu, katako da ƙusa, rodin linta, ƙofa da taga, ladan birkila da kafinta da leburori, da abincinsu. Sai ruwa. Ginin siminti yana son ban ruwa na kwanaki bayan an yi shi, in kuwa da bazara ne, wurin 'yan garuwa za a saya. Sai katanga, domin gidan da babu shamaki matan aure ba su zama cikinsa. Sai masai, wanda akan bari sai ƙarshe, sa'an nan kuɗi su ƙare, iyali su tare suna fita daji ko suna damun maƙwabta. Ya kamata masai ya shiga lissafi tun ranar farko, a kuma nisanta shi da rijiya.

Kada a yarda da lissafin baki. Magini ya faɗa, malami ya rubuta, a kai wa wani maginin dabam ya duba. Bayan an tara jimla a ƙara mata aƙalla humusi, watau kashi 1 cikin 5, saboda abin da zai tashi da abin da aka manta. A kuma yi hankali da arahar bulo. Mai buga shi yana iya fitar da 30 daga buhu guda, yana kuma iya fitar da 50, duka kamanninsu ɗaya a ido. Wanda ya marmashe in an murza gefensa da yatsa, yashi aka saya.

A nan ne ya kamata hakimai su tsaya da maganar ginin ƙasa, domin mutane sun ɗauki kunyarsa ba bisa dalili ba. Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da ƙasa aka yi shi, haka Gidan Makama na Kano. Ɗakin tubali ya fi na bulo sanyi da bazara, ya fi shi ɗumi da hunturu, kuma yawancin abin da yake ci ƙarfin jiki ne, wanda gida mai samari ke da shi, ko a samu ta gayya. Gaskiya ne yana da nasa haraji. Yana son yaɓe a kai a kai, da gyaran indararo kafin kowace damina, azarar giginya kuma ta yi wuya ta yi tsada, masu iya makuba da katsi sun ragu. Saboda haka mutane da yawa suka kama hanyar tsakiya: tushe na dutse ko bulo ya ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa, bango na tubali, rufi na kwano mai baki ya zarce bangon don ya kare shi. Manomin misalin nan na sama, wanda ɗaki 2 na bulo ya fi ƙarfinsa nesa, yana iya rufe ɗaki 1 irin wannan cikin rani guda. Haka ma gidan Bahaushe ya saba girma tun asali, ɗaki bayan ɗaki cikin danga ɗaya, gwargwadon ƙaruwar iyali.

FILI DA BASHI

Fili mai araha ƙwarai yana da dalili. Ko dai hanyar ruwa ce, ko tsohon kududdufi da aka cike da shara, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kuwa akwai rigima a kansa. Ambaliyar 2012, da ta 2022 wadda ta ci garuruwa a ƙasar Haɗeja da Ringim, da ta Maiduguri a Satumbar 2024, da ta Mokwa a Mayun 2025, sun isa gargaɗi. Da rani kowane fili busasshe ne. Mai unguwa da tsofaffin wurin su ne suka san inda ruwa ke kwana a Agusta, su za a tambaya kafin a biya. A kuma faɗa wa mai saye a sarari, hannun hakimi a takardar ciniki shaida ce an yi ciniki, ba ita ce takardar mallaka ba. A birni sai ya nemi ta gwamnatin jiha da izinin hukumar tsara birane, a karkara ta ƙaramar hukuma, kuɗin awo da na takardu da la'adar dillali kuma duk cikin kuɗin gida suke.

Wanda ya fi yawan kawo ƙara shi ne gini a filin gado da ba a raba ba. Babban wa ya ga shi ke riƙe da gida, ya zuba dukiyarsa ya yi ɗakuna, ran da aka zo rabo ƙannensa mata suka nemi haƙƙinsu, sai a tarar ba a iya fitar da rabon kowa sai an sayar da gidan duka. A raba tukuna a gaban alƙali, ko magada su rubuta yardarsu da shaidu, sa'an nan a haƙa tushe.

Bashi kuwa, an ce hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane ne ya dace da gini ba. Gida ba ya kawo kuɗi, saboda haka da rarar nan dai za a biya, kuma wanda ba shi da rara ba shi da abin biya. Adashi ba laifi in zubin bai fi ƙarfin mutum ba, sai dai wanda ya kwasa da fari ya tuna bashi ya ci. Bashin da za a iya yarda da shi shi ne ɗan abin da zai ƙarasa rufi in ruwa ya matso. Wanda ba a yarda da shi ko kaɗan shi ne jinginar gona, da cin kuɗin amfanin da bai nuna ba, gama su ne ke mai da mai gona ɗan ƙwadago.

Akwai wani bashi da ba a kiransa bashi, watau dukiyar matan gida. Sau da yawa tumakin uwargida, ko 'yan kunnenta na zinariya, ko kuɗin sana'arta, su ne ke sayen kwanon. Dukiyar mace tata ce a shari'a, miji ba shi da iko da ita sai da yardarta. In kyauta ta yi, a faɗa gaban shaidu. In rance ne, a rubuta, kamar yadda Alƙur'ani ya yi umarni a rubuta bashi cikin Suratul Baƙara. In kuwa tarayya ce, a rubuta rabonta a gidan. Malaman hakimai sun sha ganin matar da aka saka, ko wadda mijinta ya rasu, tana rantsuwa da kuɗinta aka yi ɗakin da ake fitar da ita daga ciki, ba ta da takarda ba ta da shaida.

AIKIN MALAMI

In magidanci ya yarda a auna shi, a keɓe da shi, gama ba wanda ke son a ƙirga rumbunsa a bainar jama'a. Malami ya ja layi a tsakiyar takarda, gefe guda ya rubuta abin da ke hannu yau da rarar da aka tabbatar, ɗaya gefen kuɗin gini har rufi da ƙofa da masai, tare da humusin nan. In gefen farko ya rinjaya ba tare da an taɓa abinci ko uwar rara ba, sai a sa masa albarka. In ya gaza kaɗan, a rage ɗaki ko a sauya bulo da tubali, a sake lissafi. In ya gaza da yawa, a ba shi shawara ya kewaye filinsa, ya dasa itace a kusurwoyi, ya gyara inda yake zaune, a sake dubawa bayan kaka mai zuwa.

Waɗansu za su ji, waɗansu kuwa za su ƙi, musamman wanda zaman gidan gandu ya ishe shi, ko wanda matansa ba su jituwa a tsakar gida guda. Irin wannan dalili ba abin rainawa ba ne, kuma wani lokaci sulhu a tsohon gida ko tsaga wata ƙofa ya fi sabon gini sauƙi. Wanda ya nace bayan an yi masa bayani, filinsa ne da dukiyarsa, ba a tilasta shi. Takardar lissafin a miƙa masa ya tafi da ita, kada a bar ta a ofis inda wani zai karanta.